Farin Goro A Bakin Kwalba

Ranar da Tahir ya fara ganin Zakiyya, ba ita ya fara gani ba. Kwalba ya gani.

Ya gama sauke huhunan goro daga kamiyo, wato babbar motar kaya, a bayan Gar, tashar jirgin ƙasa ta Parakou, rana ta dafa shi lugub, ƙishirwa ta ja shi zuwa rumfar Inna Mairamu mai zoɓo. A kan teburin, tsakanin kular ƙanƙara da kofuna, ga wata tsohuwar kwalbar mayonez an naɗe ta da baƙin ƙyalle. A bakinta wata 'yar tsamiya ce a tsaye. Tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, amma ta karkace ta baza rassa kamar tsamiyar da ta ga kakannin kakanni.

"Salamu alaikum. Masu zoɓo, an manta ba a zuba wa bishiyarku ƙasa ba."

Yarinyar da ke bayan kular ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wa alaikumus salam. Duk Parakou kai ne na farko da ya lura. Allah ya saka. Babba ko ƙarami?"

"Me?"

"Zoɓon."

Ya ce babba. Da ta miƙo kofin ne ya ga fuskarta, sai ya manta da ƙishirwar. Ya tsaya riƙe da kofi kamar wanda aka ba ajiya.

"Don Allah mene ne wannan?"

"Bonsai ake ce masa. Mutanen Japon ne suka ga bishiya ta cika girman kai, suka ce bari su koya mata zama a inda aka ajiye ta."

"A cikin ruwa?"

"Su a tukunya suke yi. Ni ɗakinmu na haya ne, ko ƙasar tsakar gidan da mai ita."

Tahir ya yi dariya har zoɓo ya zubo masa a riga. Ita ko murmushi ba ta yi ba, ta dai miƙo masa tsumma. Amma da ya juya zai tafi, ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana.

Zakiyya 'yar Malam Usuman mahauci ce, wanda ke sayen shanu a hannun Fulani a kasuwannin Borgu ya yanka ya sayar. Ta bar lekol, wato makarantar boko, tun tana ƙarama, lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da mahaifiyarta Inna Mairamu, sauran karatun kuma a salula ta ƙarasa shi. A nan ta ga waɗansu mutane masu farin gemu suna rantsuwa cewa ba a taɓa bonsai sai da almakashi na musamman daga Japon, sai an yi shiru, sai an tattara hankali. Ta kalle su da kyau, ta ɗauko almakashin gyaran gashin bakin Baba, ta warware wayar tagulla daga wata matacciyar fanka, ta kama aiki a tsakiyar hayaniyar Gar. Tsamiyar ba ta kai ƙara ba.

Daga ranar nan goron Parakou ya shiga ƙarewa da wuri. Aƙalla haka Tahir ke faɗa wa mutanen gidansu a Djougou. Duk zuwan da zai yi sai ya zauna a bencin rumfar, ita kuma tana aikinta tana yi masa bayani kamar mai karanta labarai a rediyo.

Iri dai a jiƙaƙƙen tsumma ake kwantar da shi har ya fito da saiwa. Sannan a ɗora shi a bakin kwalba, saiwa ta taɓa ruwa amma kada ta nutse duka, domin ita ma tana shan iska. Ruwan sama ya fi, in babu sai na famfo da ya kwana a buɗe. Takin zamani kuwa ɗan mitsitsi, kamar gishirin miyar mai hawan jini. Duk Juma'a a zubar da ruwan a sa sabo. In saiwa ta fara zarce iyaka, a datse ta.

"Ba ya jin zafi?" in ji Tahir.

"Kai da ake yi wa aski kana kuka?"

"Da ina yi."

"To ka ga ka girma."

Shi ya sa mata suna Tsamiyata, wai ga ta ƙarama ga tsami. Ita kuma da ta ji cewa kakanninsa fatake ne masu kai ayari har Gwanja su dawo da goro, sai ta sa masa Madugu.

Saƙonni suka shiga kai da komo.

"Tsamiyata, na iso gida lafiya. Jikina ne kawai ya iso, sauran na bar shi a kan bencinku."

"Madugu, na duba bencin. Hularka ce ka bari. Sauran ban gan shi ba."

"Yau na kai goro Bariénou a kan babur, duk bishiyar da na gani sai in ga ta yi girma da yawa. Kin lalata mini ido."

"Allah ya ƙara lalata shi. Ka ci abinci?"

"Kina sona kuwa?"

"Na ajiye maka zoɓo a ƙasan kula, inda ƙanƙara ta fi yawa. Ka fassara da kanka."

Da maganar aure ta taso, Malam Usuman ya ɗaure fuska.

"Mutanen goro? Hmm. Zakiyya, ki nemi daidai ke. Waɗannan in suka gaishe ka sai sun duba hannunsu."

"Baba, shi wannan ba ya dubawa."

"Shi kaɗai za ki aura, ko da danginsa?"

Baba bai yi ƙarya ba. A Djougou akwai Gwaggo Habiba, ƙanwar mahaifin Tahir, mace mai gilashin ido wanda ba likita ne ya rubuta mata ba. Ba ta iya neman gishiri a maƙwabta ba tare da ta ambaci cewa su jikokin madugu ne ba. Tana da 'ya, Khalida, wadda ta yi karatu a Kwatano ta dawo da takarda da kuma kalmar Faransanci “en fait”, wadda ake furtawa “anfe”, kuma tun suna yara Gwaggo ta gama ɗaura aurenta da Tahir a cikin zuciyarta.

"'Yar mahauci?" in ji Gwaggo. "Mai sayar da zoɓo a tasha? A gidan nan?"

Sai dai ba ita ce mai gidan ba. Mai gidan ita ce Hajiya Nana, kakar Tahir, tsohuwar da goro ya rina wa haƙora tun kafin a haifi Gwaggo. Ta saurari kowa, ta tofar da tuƙar goro a gwangwani, ta ce:

"A kai goro. Yarinyar za ta ba mu amsa."

To, a nan ne gizo ke saƙa. Gidan su Tahir suna da wata al'ada tasu ta kansu, tun zamanin ayari. In za a kai goron neman aure, babbar gida takan zaɓi farin goro guda, ta ƙunshe shi daban a ganye. Wannan na yarinya ne. In tana so, ta ɓare shi da hannunta, ta ci ɓari ɗaya, ta aiko da ɗayan. In ba ta so, ta riƙe abinta, shi ke nan, an gane, ba wanda ya ji kunya. Kuma ba a yarda saurayi ya tambaya ko ya tuna mata ba, don kada ya zama an matsa mata.

Al'ada mai kyau. Aibinta ɗaya: mutanen gidan sun ɗauka duk duniya haka ake yi.

Gwaggo Habiba ce ta raka maza zuwa Parakou. Ta zauna a bakin tabarmar Inna Mairamu kamar tabarmar za ta cije ta, ta miƙo ƙunshin da yatsu biyu.

"Wannan na yarinya ne. In 'yar gidan sani ce, ta san abin yi."

Ba ta ƙara ko kalma ba. Ta san abin da take yi.

Bayan baƙi sun tafi Zakiyya ta kwance ganyen. Goro ne fari tas, ƙato, mai sheƙi. Tana juya shi a hannu sai ta ga bakinsa ya ɗan tsage, wani ɗan farin abu kamar haƙorin jariri ya leƙo.

Ya fara tsira.

Ta ce a ranta, ashe Hajiya kakarsa ta ji labarina. Ashe abin da Gwaggo ke nufi ke nan. Wace kyauta ce ta fi wannan, a ba mai shuka iri mai rai daga gidan miji? Lallai ta san abin yi.

Ta wanke kwalba mafi kyau. Ta lanƙwasa wayar tagulla ta yi wa goron ɗan gado a bakin kwalbar. Ta naɗe kwalbar da baƙin ƙyalle. Ta san ganyen goro faɗi gare shi, ba lallai ya yarda ya zauna ƙarami ba, amma ta ce za su daidaita. Kowace bishiyarta da sunanta, don haka ta manna 'yar takarda a jikin ƙyallen ta rubuta: TAHIR. Ta ajiye a tagar ɗakinta.

Saƙo ya shigo, ɗauke da iyakar tambayar da al'ada ta bar wa Tahir.

"Tsamiyata, farin goron ya iso hannunki?"

"Ya iso, Madugu. Ka gaishe mini da Hajiya. Ba mai taɓa shi, ko ni."

Can sai ga amsa:

"To."

Daga wannan “to” ɗin ruwa ya ɗauke. Sati ya wuce, wani ya bi bayansa. Kamiyon goro ya zo Gar, wani ne ya sauke kaya. Ta aika: "Madugu, ayari ya ɓata ne?" Ya amsa: "Lafiya lau. Allah ya zaɓa mana mafi alheri." Zakiyya ta karanta, ta sake karantawa. Wannan ai addu'ar masu rabuwa ce.

Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta dai zuba wa wani direba zoɓo a kofin da ke kife. Goron kuwa bai san ana yi ba. Saiwarsa ta sauka cikin ruwa, kansa ya ɗago, har ya buɗe 'yan ganye biyu masu laushi.

Ana haka sai ga Gwaggo Habiba da Khalida, wai sun zo Parakou sayen atamfa suka ce bari su biyo a gaisa. Gaskiyar magana, sun zo su ga gawar auren ne da idonsu. Khalida ta ce zafi ya dame ta, ta leƙa ɗakin Zakiyya neman fanka. Sai aka ji ihu.

"Maman! Maman, zo ki gani! En fait, asiri ne!"

Gwaggo ta shigo, ta cire gilashi don ta gani da kyau. Ga goron gidansu, an ɗaure shi da jar waya, a kan kwalbar da aka lulluɓe da baƙin ƙyalle, ga sunan ɗansu ɓaro-ɓaro.

"Inna lillahi! Shi ya sa yaro ya rame! Shi ya sa ba ta dawo da ɓari ba, ashe ɗaure shi ta yi a kwalba!"

"Wane ɓari?" in ji Zakiyya.

"Ji munafunci! Ba ki san ana ɓare goro a ci rabi a maido rabi ba?"

"Yau na fara ji. Wa aka aiko ya faɗa mini?"

Gwaggo ta mayar da gilashinta, ta tsallake tambayar kamar kwata. Khalida kuwa ta riga ta ɗauki hoto, kuma kafin su kai bakin titi hoton ya riga su isa Djougou.

"A faɗa wa Malam Usuman ba aure!" in ji Gwaggo daga ƙofar gida, yadda duk layin zai ji. "Mu ba ma haɗa jini da masu bin bokaye!"

Da Malam Usuman ya dawo daga mahauta ya ji, sai ya ajiye wuƙaƙensa a hankali, ya zauna.

"Na faɗa miki. Gobe a mayar musu da huhunsu."

Zakiyya ta durƙusa a gabansa.

"Baba, in sun fasa don ni 'yar mahauci ce, ba zan ce uffan ba, gaskiya suka faɗa kuma ina alfahari da ita. Amma a ce 'yarka na bin boka, in yi shiru? Ka bar ni in je."

"Ki je ki roƙe su?"

"In je in nuna musu kwalba."

Ya juya wajen Inna Mairamu.

"Taurin kan nan naki ne."

"Wuƙa a gidanku ake wasa ta, Malam," in ji Inna. "Zan raka ta."

Zakiyya ta ɗauki salula.

"Madugu, kakanninka sun ratsa daji har Gwanja da jakuna. Kai ka kasa ratsa salula ka ce mini a ɓare goro. Gobe ina tafe. A share zaure."

Amsa ta zo kafin ta ajiye.

"Tsamiyata! Wallahi na ɗauka kin sani, na ɗauka ƙina kika yi. Ba a yarda in tambaya ba. Abinci ma ba ya wuce mini. Maganar asiri kuwa ban yarda ba, in ma shi ne, ai ya kama ni tun kafin goro."

"Ka ci abinci. Ba na son a ce ni na rame ka."

Da safe suka hau taksin Djougou, Inna a gefen taga, Zakiyya a matse da kwalba tsakanin gwiwoyi, ta yi wa ganyen rumfa da mayafinta. Duk ramin da direba ya faɗa sai ruwan ya fantsalo mata a zane. Wani dattijo da ke kusa ya yi ta satar kallon kwalbar yana matsawa, yana motsa baki da addu'a. Wurin zama ya ƙaru.

Gidan su Tahir babban gida ne, ƙamshin ɗanyen ganye da goro tun daga zaure. Tahir na tsaye a ƙofa, rigarsa ta yi masa yawa. Idonsu ya haɗu. Ya buɗe baki, ta girgiza kai kaɗan, wato ba yanzu ba.

Hajiya Nana na zaune a inuwar tsakar gida tana tsince goro, tana ware mai tsutsa, tana yayyafa wa sauran ruwa. Matan gida sun cika wurin, kowa ta sami aikin da ya kawo ta. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo, har da ta gajiyar hanya da ta mutanen Parakou. Sannan Zakiyya ta ajiye kwalbar a gaban tsohuwar. Mata suka ja da baya. Hajiya ko gezau.

"Ke ce mai asirin?"

"Ni ce mai kwalbar, Hajiya."

"In ba komai a ciki, sha ruwan."

"Da takin zamani a ciki. In kina son amaryar da za ta yini a bayan gida, sai in sha."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya, Gwaggo ta harare ta.

"Baƙin ƙyallen fa?"

"Saiwa ba ta son haske, in rana ta shiga ruwan sai ya yi gansakuka. Ke ma na ga ba kya shanya goronki a rana, lulluɓe shi kike yi."

"Wayar?"

"Don kada ya faɗa ciki ya ruɓe."

"To sunan jikana?"

A nan bakin Zakiyya ya mutu, karo na farko tun da aka haife ta, in ji Inna. Ta sunkuyar da kai, tana murza gefen mayafi.

"Wannan kam ba ni da hujja, Hajiya. Son shi nake yi."

Daga zaure aka ji wani ya yi tari, tarin da ba na mura ba.

"En fait, ko boka ma haka zai koya mata ta ce," in ji Khalida.

"Ke, rufe mana anfe ɗin nan," in ji Hajiya. "Kwance ƙyallen in gani."

Zakiyya ta kwance. Ruwa garau, ga farar saiwa ta sauka ta yi 'yan gashi, a sama kuma goron ya buɗe biyu, tsiron ya fito ta tsakiya. Hajiya ta ɗauki kwalbar ta kai kusa da ido. Tun tana budurwa, duk goron da ya fara tsira da farce take cire masa kai don kada ya lalace a huhu. Ba ta taɓa tsayawa ta ga abin da ke biyo baya ba.

"Ashe haka ganyensa yake," ta faɗa a hankali, kamar da kanta take magana.

Ta ajiye kwalbar, fuskarta ta koma yadda take.

"Na yarda ba asiri. Wadda aka aika ba ta isar da saƙo ba, wannan tsakanina da ita ne." Gwaggo ta shiga gyara ɗankwali. "Amma al'ada al'ada ce, yarinya. Haka aka yi wa surukata, haka aka yi mini. Ba ɓari, ba aure."

Zakiyya ta kalli tsiron. Ta san har yanzu daga ɓarin nan biyu yake cin abinci, saiwarsa ba ta yi ƙarfin riƙe shi ita kaɗai ba. In aka cire ɗaya, wataƙila ya rayu, wataƙila ya bushe. Ta yi makonni tana tashi da shi tana kwana da shi, lokacin da mai sunan ya daina magana.

Ba ta nemi alfarma ba. Ta wanke hannu a butar Hajiya, ta riƙe wuyan tsiron da yatsu biyu, ta yi bisimilla, ta murɗe ɓari ɗaya. Ya ce ƙas. Ta ji shi har cikin ƙirjinta.

Ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu.

"Ga amsata, Hajiya. A yi haƙuri ta makara."

"Saura nata!" in ji Gwaggo da sauri. "Ai sai ta ci nata ɓarin a gabanmu!"

"Nawa na ba shi ya ci," in ji Zakiyya, ta nuna tsiron. "In na cire wannan ma, ya mutu. In dole ne, sai Hajiya ta faɗa da bakinta."

Kowa ya zuba wa tsohuwar ido. Ta juya ɓarin a tafin hannu, ta kai baki, ta gatsa. Fuskarta ta yamutse.

"Kai! Ɗaci kamar maganar Habiba." Ta ci gaba da tauna. "Rabonta ne, ta ga dama ta ci, ta ga dama ta ciyar. Ni dai nawa ya iso. Ku yi guɗa mana, ko sai na yi da kaina?"

Guɗa ta tashi har kaji suka watse. Inna Mairamu ta share ido da bakin zane. Zakiyya ta mayar da ƙyallen, ta kai hannu za ta ɗauki kwalbarta, sai sandar Hajiya ta tare hannun.

"Ina za ki da shi? Goron gidan nan ne. Ba ya komawa Parakou."

"Hajiya, sai ana canza masa ruwa duk Juma'a. Yanzu ma da ya rasa rabi, sai an lallaɓa shi."

"To wa zai yi? Ni ido ya tafi. Habiba ko kofin da ta sha ruwa ba ta ɗaurayewa." Ta ɗaga murya. "Tahir! Daina laɓe, shigo. Ka faɗa wa baffanninka su je wajen Malam Usuman su ba shi haƙuri yadda ya kamata, su roƙi rana. Kusa nake so. Ba zan zauna ina kallon abin nan yana mutuwa ba don ana jiran ɗinkin anko."

Baffanni suka je, suka ba da haƙuri har Malam Usuman ya gaji da ji ya ce ya isa. Aka sa rana. Kafin ranar, Tahir ne mai jinya, ana ba shi umarni ta salula.

"Tsamiyata, ganye ɗaya ya sunkuya. Hajiya ta hana ni zama, wai ni na yi masa baki."

"Ka matsar da shi inuwa. Kada ka ƙara taki. Kada ka cika ruwan."

"Ni ma na sunkuya, wa zai matsar da ni inuwa?"

"Kai ka jira. Kai ba ka mutuwa."

"Ganyen ya faɗi, Tsamiyata."

Daga baya ta rubuta:

"Ka duba saiwa. In fara ce, da sauran magana."

"Fara ce tas."

"To mu ma haka."

Aka ɗaura aure a Parakou, a ƙofar gidan Malam Usuman, mahauta da masu goro kafaɗa da kafaɗa, har da Fulanin da suka zo daga rugage da ƙwaryar nono. Aka kai amarya Djougou. Hajiya Nana ta sa an ajiye kwalbar a tagar ɗakin amarya tun kafin a shigo da akwatuna.

Da abokan ango suka rako shi sayen baki, amarya na zaune a bakin gado a lulluɓe, ƙawayenta sun kafa sun tsare, sun ce bakin Zakiyya mai tsada ne, ba za ta ce ko “uhm” ba sai an ji a jika. Aka fara ciniki, ana barkwanci, abokan ango na kukan talauci. Amarya kuwa ta ƙasan mayafi tagar take leƙe. A saman tsiron, inda ganye ya faɗi, wani sabon toho ya fito, ɗan ƙarami, jaja-jaja. Sai kuma idonta ya sauka kan ruwan.

"Wa ya cika masa ruwa har wuya?"

Ɗaki ya fashe da dariya. Abokan ango suka mayar da hannu aljihu suna tafi, ƙawaye suka hau salati, wai ta zubar musu da kasuwa.

"Ni ne, Tsamiyata," in ji Tahir, yana dariya har da hawaye. "Murna ce ta yi mini yawa."

"To rage. Saiwa na son iska."

Ango ya tattare babbar riga, ya ɗauki kwalba ya fita rage ruwa, a ranar aurensa, a gaban abokansa. A bakin ƙofa ya ci karo da Hajiya Nana, ta dogara sanda tana jin komai. Ta dafa kansa, ta leƙa ta kalli amarya.

"Allah ya sa ku yi saiwa a gidan nan. Ya ba ku inuwar da wasu za su sha. Ya raba ku da ɗan aiken da ba ya isar da saƙo."

Aka ce amin, har da Gwaggo Habiba, da ɗan ƙarfi fiye da kowa.

Mu ma amin muka ce. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa duk mai jiran amsa tasa ta iso shi da rai.